Giyar ’yan zuhudu ta Beljiyam: Abin da ke cikin kwalbar da masu cin ribar sunan

A watan Janairun 2021 giyar Achel, wadda ake dafawa a wani gidan zuhudu na Kiristoci a arewa maso gabashin Beljiyam, ta rasa tambarin da ya fi kowanne daraja a wannan kasuwa. Tukwanen suna nan, hanyar dafuwar ma tana nan yadda take. Abin da ya faru shi ne ’yan zuhudu biyu na ƙarshe da suka rage a gidan sun tsufa, sun koma gidan Westmalle a 2020. Ƙa’idar tambarin kuwa ta ce dole a samu ’yan zuhudu masu sa ido a kan aikin.

Wannan lamari ya fito da tambayar da ta daɗe tana bin wannan giya mai duhu da ƙarfi: me mai saye yake biya wa kuɗi, ɗanɗanon ko sunan?

Su wane ne ’yan Trappist?

Trappist wani reshe ne na ’yan zuhudun ɗariƙar Katolika. Sunan ya samo asali daga gidan zuhudun La Trappe da ke yankin Normandi a Faransa, inda aka tsaurara dokokin zama a 1664. Suna bin tsarin Waliyyi Benedict, wanda ya tanadi cewa ɗan zuhudu ya ci guminsa. Don haka wasu gidajen ke yin cuku, wasu burodi, wasu kuma giya.

Gidan Westmalle ya fara dafa giya a 1836, gidan Scourmont mai yin Chimay kuma a 1862. A yau gidaje biyar ne suka rage da tambarin a Beljiyam: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren.

Daga ina ɗanɗanon yake fitowa?

Masu duhun sun kasu gida biyu. Akwai dubbel, wato “ninki biyu”, mai barasa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ta Westmalle, wadda aka gyara tsarinta a 1926, tana da kashi 7. Akwai kuma wadda ta fi ƙarfi, da ake kira quadrupel tun bayan da gidan La Trappe na ƙasar Holan ya fitar da giya mai wannan suna a 1991. A wannan sahu ake sa Westvleteren 12 mai kashi 10.2 da Rochefort 10 mai kashi 11.3.

Masu bayanin ɗanɗanonta sukan ambaci zabibi, busasshen ɓaure, dabino, ayaba, kanumfari da ƙonanniyar alewa, alhali ba a zuba waɗannan ’ya’yan itatuwa a tukunya. Abubuwa uku ne ke haifar da su.

Na farko shi ne tsiron sha’ir. Ana jiƙa hatsin har ya tsira, kamar yadda ake yi wa dawa ko gero wajen kunun zaƙi, sannan a busar da shi a gasa. Gasawar ce ke kawo ƙamshin ɓawon burodi da zabibi.

Na biyu shi ne sukarin da ake dafawa har ya koma baƙin ruwa mai kauri. Shi ke ba giyar yawancin duhunta da ɗanɗanon alewa. Kuma da yake yis na cinye kusan dukkan sukarin, barasa na ƙaruwa ba tare da ruwan ya yi nauyi a baki ba.

Na uku shi ne yis ɗin kansa. Irin na Beljiyam yana aiki cikin ɗumi, yana fitar da sinadarai masu ƙamshin ayaba da kanumfari. Ana ƙara ɗan sukari da yis kafin a rufe kwalba, sai ruɓawar ta ci gaba a ciki, shi ya sa ɗanɗanon ke sauyawa da shekaru.

A nan ne haɗarinta yake. Zaƙin yana ɓoye ƙarfin: kwalba ɗaya ta Rochefort 10 tana ɗauke da barasar da ta haura ta kwalabe biyu masu girma ɗaya na giya mai kashi 5.

Rikicin suna

Tunda ba sirri ba ne yadda ake samar da ɗanɗanon, kamfanoni sun daɗe suna kwaikwayonsa, suna manna hoton ɗan zuhudu a kwalba. ’Yan Trappist sun kai ƙara a kotun kasuwanci ta birnin Ghent a 1962 suka yi nasara. A 1997 gidaje takwas suka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa da tambari mai kusurwa shida. Sharuɗɗansa uku ne: a dafa giyar a harabar gidan zuhudu, ’yan zuhudu su sa ido a kai, ribar kuma ta tafi ga bukatun gidan da ayyukan jinƙai.

Sunan “giyar gidan zuhudu” kuwa ya fi wannan sassauci. Leffe tana ɗauke da sunan wani gidan zuhudu da ke garin Dinant, amma kamfanin AB InBev, mafi girma a duniya a harkar giya, shi ke dafa ta a masana’antarsa ta Leuven, yana biyan gidan ladan amfani da sunan bisa wata yarjejeniya da ta faro a 1952. A 2016 wani mai saye ya shigar da ƙara a birnin Miami na Amurka, yana zargin cewa kwalbar na sa mutane zaton a gidan zuhudu ake yin ta. Affligem kuma tana hannun Heineken. Waɗannan kamfanoni ba baƙi ba ne a Najeriya: AB InBev ne ke da rinjayen hannun jari a International Breweries, Heineken kuma a Nigerian Breweries.

Ƙin faɗaɗa kasuwa

Gidan Sint-Sixtus mai yin Westvleteren ya bi wata hanyar. Tun da wani shafin masu auna giya ya ayyana Westvleteren 12 a matsayin ta ɗaya a duniya a 2005, masu nema suka yi yawa, amma ’yan zuhudun suka ƙi faɗaɗa aikin fiye da abin da zai riƙe gidan. Mai saye yana ɗaukar alkawarin ba zai sake sayarwa ba. Duk da haka, a 2018 wasu manyan kantuna a Holan suka tara dubban kwalabe suka sayar da kowacce kusan Yuro 10, ninkin farashin gidan sau da yawa. A 2019 ’yan zuhudun suka koma karɓar oda ta intanet domin toshe ’yan kayi-nayi.

Abin da ke gaba

Babbar barazanar ita ce ƙarancin matasa masu shiga zuhudu a Yammacin Turai. An sayar da gidan Achel ga wani ɗan kasuwa a 2023. A Amurka, gidan Spencer da ke jihar Massachusetts ya rufe masana’antarsa a 2022, bayan ƙasa da shekara goma, saboda ba ta iya ɗaukar nauyin kanta.

Hukumar UNESCO ta sa al’adar giyar Beljiyam cikin jerin kayan gadon bil’adama a 2016, amma wannan karramawa ba ta cike gurbin tsofaffin da ke barin gidajen. Duk gidan da ya wayi gari babu ’yan zuhudu, tambarinsa ya tafi, ko da giyar ta ci gaba da fita. Daga ranar, babu sauran ƙa’idar da ta tilasta wa mai ita kai ribar ga mabukata.