Idan babur mai batir ya buge mutum, wa zai biya kuɗin jinya?

Tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ta sa hankalin masu abin hawa ya fara karkata ga babur mai batir. Ba shi da ƙara, don haka mai tsallaka titi ranar kasuwa a Achida, Rabah ko Goronyo bai cika jin tahowarsa ba.

A idon doka, abin hawa ne kamar sauran. Dokar inshora ta wajabta wa mai shi yankar inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni. Tun Janairun 2023, hukumar NAICOM ta ƙayyade naira 3,000 a shekara ga babur. Idan babu inshorar, nauyin na kan matuƙin da ya yi sakaci, wani lokaci har da maigidan da ya ɗauke shi aiki.

Sau da yawa dattawa kan yi sulhu, a ce ƙaddara ce, a bar mai karaya da ɗawainiyar asibiti. Yafiya haƙƙinsa ne, amma ba dole ba ce. Yana iya neman diyya a kotun shari'ar Musulunci ko babbar kotun jiha da ke Sakkwato, kuma rahoton 'yan sanda da rasidan asibiti su ne hujjarsa.