Kariya

Kariya (Adenium obesum) ƙaramar itaciya ce mai furanni daga dangin Apocynaceae, wato dangi ɗaya da tumfafiya. Tana fitowa a busassun wurare masu duwatsu da tsakuwa a yankin Sahel, tun daga Senegal zuwa Sudan, ciki har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Ana kuma samun ta a Gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa. A shekarar 1819 masana tsirrai Roemer da Schultes suka sanya ta a jinsin Adenium, sunan da aka ɗauko daga birnin Aden na ƙasar Yaman.

Yadda ake gane ta

Alamar farko ita ce gindinta. Yana da kauri ya kumbura kamar tulu, domin a nan take ajiye ruwan da za ta rayu da shi a lokacin rani. Bawonta santsi ne mai launin toka, rassanta gajeru masu kauri, kuma tsayinta yakan kai mita 1 zuwa 3. Ganyenta masu kauri ne da sheƙi, sun fi faɗi ta wajen ƙarshe, suna taruwa a bakin rassa kawai.

Da rani aka fi saurin gane ta. Takan zubar da ganye, sannan ta yi fure a kan rassan da ba komai a jikinsu, lokacin da sauran daji ya bushe. Furen yana da siffar kakaki, bakinsa ya rabu gida biyar, gefensa ja ko ruwan hoda, cikinsa ya fi haske. 'Ya'yanta dogaye ne, suna fitowa bibbiyu kamar ƙahon dabba. Idan sun nuna sai su tsage, iska ta kwashi irin, wanda ke da gashi a duka ɓangarorinsa biyu.

Bambancinta da wasu itatuwa

Saboda kumburin gindi, wasu kan ɗauke ta a matsayin ƙaramar kuka. Amma ganyen babbar kuka a rarrabe yake kamar yatsu, furenta kuma fari ne mai reto. Tumfafiya kuwa ganyenta manya ne masu fari-fari, 'ya'yanta a kumbure kamar ƙwallo, kuma gashin irinta a ɓangare ɗaya yake.

Guba

Ruwan da ke fita daga jikin kariya idan an sare ta yana ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya. Mafarauta a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, wasu kuma suna kashe kifi da shi. Yana da haɗari ga mutane da dabbobi, ya kamata a wanke hannu bayan an taɓa shi, kada kuma ya shiga ido ko baki. Wannan ya shafi gidaje ma, domin yanzu ana shuka ta a tukwane don ado a ƙasashe da yawa, musamman Tailan, inda aka samar da ire-irenta masu launuka daban-daban.