Doki, Ganuwa da Fadama: Tushen Ƙarfin Yaƙin Daular Kabi

In ana maganar manyan daulolin Sudan ta Yamma a ƙarni na 16, galibi Songhai da Barno ake ambata, a tsallake Kabi. Alhali kuwa wannan daula ta kwarin Gulbin Rima ta kara da su duka biyu, ba wadda ta rinjaye ta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙarfin Kabawa ya samu ne daga haɗa abu uku, wato doki da ganuwa da fadama.

Littafin Tarikh al-Sudan ya nuna cewa Kanta ya taimaki Askiya Muhammadu a yaƙin Agadas, sa'an nan suka ɓata wajen rabon ganima, ya yi masa tawaye wajen shekarar 1516. Rundunar da Askiya ya tura ba ta ci nasara ba. Daga baya Askiya Muhammadu Bankan ya sake gwadawa, Kabawa suka fatattake shi a Wantarmasa. Sai a zamanin Askiya Dawuda aka yi sulhu.

Tsarin daga irin na ƙasar Hausa yakan sa dakaru, musamman 'yan baka, su fara yi wa abokan gaba ruwan kibau. Da zarar sahunsu ya girgiza, sai 'yan lifida su danno, doki da mahayi duk a lulluɓe da lifidin auduga mai tsare kibiya. Amma lifidi yana da nauyi, doki ba ya nisa da shi. Saboda haka barade masu mashi da takobi da garkuwa, waɗanda dawakinsu ba su ɗauke da nauyi, su ne ke kewaya gefe, su kuma bi waɗanda suka karye.

Abin da Kanta ya ƙara a kan wannan shi ne mafaka. Ya gina Surame da ganuwar dutse da ƙasa, wadda kufanta yana nan har yau, ga kuma Gungu da Leka. Doki ba ya cin ganuwa. Mai kewaye birni kuwa guzuri da harawa ke ƙare masa. Yana juyawa, sai mahayan birni su fito da hutattun dawaki su bi shi. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri: Sarkin Barno Mai Ali ya kewaye Surame bai ci ba, Kanta ya bi sawunsa har Nguru. A kan hanyar komowa ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu.

Na uku ita ce fadama. Da damina Gulbin Rima yakan malale kwarinsa, dokin baƙo ya kafe a taɓo. Kabawa kuwa masunta ne, suna da jirage, sun san mashigai. Ke nan maharin waje ba shi da lokaci sai rani, su ko suna da ciyawar dawakinsu kusa.

Wannan dabara ta daɗe bayan Kanta. Ko da yake Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a Argungu a 1849, tare da Arawa da Zabarmawa. Daga nan Sakkwato da Gwandu ba su sake mallakar garin ba, har Turawa suka zo a zamanin Sarki Sama'ila. Gabar ba ta mutu sarai ba sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu.

Ya kamata manazarta su dubi sarautun yaƙi da kirarin baraden Kabi, da makaman da ke ajiye a Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tun dattawan da suka san sunayensu da amfaninsu suna raye.