Idan Kwamfuta Ta Ƙame a Tsakiyar Fadama

Duk wanda ya san fadamar Haɗejiya da damina ya san akwai wuraren da ba a isa gare su sai da kwalekwale. Ko da yake madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suna riƙe ruwa daga sama, kogin yakan malala daga Baturiya har zuwa Nguru. Mai nazarin kifi, ko kachalar da ke toshe magudanai, ko tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyi, yana bukatar sanin zurfin ruwa a kullum. Don haka akan dasa ƙaramar kwamfuta mai aiki da hasken rana, tana auna ruwa tana aiko da sakamako ta layin salula.

Na taɓa dasa irin wannan na'ura a wata fadama. Ana tsakiyar ruwan Agusta sai ta yi shiru. Da ƙyar na isa gare ta bayan kwana goma, na tarar babu abin da ya lalace. Ƙamewa kawai ta yi. Na kashe na kunna, ta ci gaba da aiki, amma bayanan kwana goma sun salwanta. Da a ce gargaɗin ambaliya irin ta 2022 ake jira daga gare ta, da hasarar ta wuce ta alƙaluma.

To, yaya za a ta da kwamfuta daga nesa? Hanya ta farko ita ce a aika mata da umarni ta intanet. Sai dai wadda ta ƙame sosai ba ta jin kira. Hanya ta biyu, a haɗa ta da wata ƙaramar na'ura mai layinta daban, wadda idan ta sami saƙon tes za ta yanke wuta ta mayar. Ita ma tana bukatar mutum ya lura da matsalar tukuna.

Hanya ta uku ita ce agogon gadi. Wannan ɗan ma'auni ne mai ƙirga lokaci, kuma wajibi ne kwamfuta ta riƙa mayar da ƙirgarsa farko a kai a kai. Idan ta ƙame ta kasa, ƙirga za ta cika, shi kuwa ya ta da ita sabuwa.

Ɗalibin ilmin halittu ya san wannan dabara a ƙirjinsa. Ƙullin da ke jagorantar bugun zuciya yana aika saƙo sau 60 zuwa 100 a minti. A ƙasansa akwai ƙulli na biyu mai saurin 40 zuwa 60, wanda saƙon na farko ke riga shi kullum. Idan saƙon ya yanke, sai na biyu ya karɓi aiki.

Agogon gadi ba ya warkar da asalin cuta. A ranar 4 ga Yuli 1997 kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka a duniyar Mars, ba a jima ba kwamfutarsa ta shiga ta da kanta, domin wani ƙaramin aiki yana riƙe da abin da babban aiki ke jira. Injiniyoyi suka gano kuskuren a kan kwafinta da ke ƙasa, suka aika da gyara. Haka kuma aka gyara Voyager 1 a Afrilun 2024 daga nisan kimanin kilomita biliyan 24, inda saƙo ke yin fiye da awa 22 kafin ya isa.

Saboda haka, ɗalibin da zai dasa na'ura a fadama ya tanadar mata agogon gadi tun da rani, ya kuma sa ta riƙa rubuta lokacin da ta tashi, domin a binciki dalili.