Idan adireshi ɗaya ya dace da hanya biyu, wace ce za ta amsa?

Duk sanda ka buɗe adireshi a burauza, sai manhajar shafin ta zaɓi ɓangaren da zai amsa maka. Mai gina shafin ne ke rubuta mata jerin hanyoyi, kowace da aikinta. Rikicin yana tasowa idan adireshi ɗaya ya dace da biyu daga cikinsu.

A ce kana gina shafin makaranta da Express, tsarin gina manhaja da ke aiki a kan Node.js. Ka rubuta hanyar /dalibai/:lamba don nuna bayanan ɗalibi, a ƙasanta kuma /dalibai/sabo don fom ɗin rajista. Ɗigo biyun nan na nufin gurbi ne, duk abin da ya zo wurin a karɓa. To, sai wani ya nemi /dalibai/sabo. Express yana bin jerin ne daga sama zuwa ƙasa, ta farkon da ta dace ita ke amsawa. Sai ya ɗauki kalmar "sabo" a matsayin lambar ɗalibi, ya shiga rumbun bayanai nemansa. Ina zai same shi? Mai son rajista ya ga an ce babu, ya kama gabansa. Kai kuwa ko ka duba layukan ɗaya bayan ɗaya ba za ka ga laifi ba, don kowanne daidai yake, jerinsu ne ya ɓaci.

Gyara mafi sauri shi ne ka sa hanya mai tsayayyen suna a sama, mai gurbi a ƙasa. Django da FastAPI ma jeri suke bi. Sai dai wannan gyaran ɗinkin wucin gadi ne, ranar da wani ya sake jera layukan, matsalar ta dawo.

Ya fi kyau ka ƙuntata gurbin. A Django, in ka rubuta <int:lamba>, alƙaluma kaɗai zai karɓa, "sabo" ta wuce gaba. Express 4 ya yarda a sa irin wannan sharaɗi cikin hanyar, amma Express 5 da ya fito a 2024 ya cire shi. Yanzu sai ka duba da kanka a cikin aikin, in ba lamba ba ce ka kira next() ya miƙa buƙatar ga hanya ta gaba.

Shi Flask ba ruwansa da jeri. Auna hanyoyin yake yi, tsayayyen suna ya rinjayi gurbi ko a ina aka rubuta shi. Shi ya sa shafin da ke lafiya ƙalau a Flask kan iya rikicewa da an mai da shi FastAPI, alhali ba a taɓa adireshi ko ɗaya ba.