Ina Sunanka Yake Zuwa Bayan An Cika Fom a Intanet?

Ɗalibin da ya je cibiyar rajistar jarrabawar JAMB yakan ga ana shigar da sunansa da ranar haihuwarsa da jiharsa cikin 'yan akwatuna a fuskar kwamfuta, a danna maɓalli guda, sai a ce masa an gama. To, kafin ƙiftawa da bismilla, kwamfutoci biyu sun riga sun yi magana da juna: wadda ke gabansa, da wata a can nesa da za a iya kira kwamfutar masauki, domin a wurinta saƙo yake sauka.

Kowane akwati a cikin fom yana da suna na ɓoye wanda mai tsara fom ɗin ya raɗa masa. Idan aka danna maɓalli, sai burauza, wato manhajar da ake duba intanet da ita, ta haɗa sunan kowane akwati da abin da aka rubuta a cikinsa, ta jera su a layi ɗaya. Alal misali, idan Ɗanladi ne daga Birnin Kudu, ga abin da zai tafi:

suna=%C6%8Aanladi&gari=Birnin+Kudu

Alamar = ce ke raba suna da amsa, alamar & ke raba akwati da akwati, sannan + ta tsaya a madadin sarari. Shi kuwa harafin Ɗ, da yake ba ya cikin haruffan Ingilishi da aka gina wannan ƙa'ida a kansu, sai aka mayar da shi %C6%8A bisa tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992. Haka ƙaramin ƙ yake komawa %C6%99. Duk wanda ya taɓa ganin sunansa mai lanƙwasa ya fito a birkice a kan takarda, sau da yawa a nan ne aka samu tangarɗa.

Hanyar aikawa iri biyu ce aka fi sani. A hanyar GET, ana liƙa layin ne a wutsiyar adireshi, kamar mai rubuta saƙonsa a bayan ambulan. A hanyar POST kuwa, cikin jikin saƙon ake sa shi. Wannan ta fi dacewa da kalmar sirri, amma fa kada a ɗauka ambulan ɗin a liƙe yake. Sai an bi ta HTTPS ne bayanan ke ɓoyuwa daga masu leƙe a hanya.

A 1993, a cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois da ke Amurka, inda aka yi burauzar Mosaic, su Rob McCool suka shimfiɗa ƙa'idar CGI, wadda ta bai wa kwamfutar masauki damar miƙa saƙo ga wani ɗan shiri da aka rubuta domin karanta shi. Galibi da harshen Perl na Larry Wall ake rubuta irin wannan shiri a wancan zamani. Shirin yakan fara duba ta wace hanya saƙon ya zo. In ta POST ne, sai ya tambayi tsawonsa, ya karanta daidai wannan adadi ba ƙari, ya yanka layin a kan kowace &, ya sake yankawa a kan =, daga ƙarshe ya warware + da %. Wannan jeri ba a saɓa shi. Idan aka fara da warwarewa, alamar & da mutum ya rubuta da hannunsa cikin amsa, wadda ta zo a matsayin %26, za ta rikiɗe ta zama iyaka, amsa ɗaya ta tsage biyu. Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, ya ɗauke wa mutane wannan wahala, kuma tun daga 2001 mai shiri yana rubuta $_POST['suna'] kawai ya sami amsar a warware.

Sai dai karanta saƙo daban, amincewa da shi daban. Ɗan shiri ba ya ganin wanda ya aiko, kuma mugu yana iya rubuta umarni a inda aka nemi suna. Idan aka ɗauki rubutun nan aka cusa shi kai-tsaye cikin tambayar da ake yi wa rumbun bayanai da harshen SQL, rumbun zai bi umarnin kamar daga mai gida ya fito. Ta wannan kafa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka kai ga bayanan mutane kusan 157,000, har hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 a shekarar da ta biyo baya.

Abin da ke buɗe wannan ƙofa ƙaramar alama ce da Bahaushe ke rubutawa kullum, wato wadda ke cikin Mu'azu da Sa'adatu, domin a harshen SQL da ita ake nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Shirin da aka rubuta da sakaci zai ɗauka sunan ya ƙare a kan "Mu", ya ɗauki sauran a matsayin umarni. Maganin shi ne a aika wa rumbun tambaya daban, amsar ɗalibi daban, yadda ba zai taɓa gauraya su ba. Malamin da ke koyar da kwamfuta yana iya gwada aikin ɗalibansa cikin minti ɗaya: ya rubuta Mu'azu a akwatin suna, ya danna maɓalli, ya ga ko shirin zai karɓa ko zai tsaya cak.