Samarin Dogon Kiriya da cutar sida

Tun shekara ta 1987 aka gano cutar sida a Nijar. Daga nan rediyo bai huta ba, ma'aikatan lahiya kuma suna bin garuruwa suna gargaɗi. Har ƙungiyar Animas-Sutura ta kawo kororon roba mai suna Foula.

To, gargaɗin ya shiga kunnen samarinmu na Dogon Kiriya, masu tahiya bida bayan girbin hatsi? Ran nan na tambaye su a ajinmu na yaƙi da jahilci. Sunan cutar dai kowa ya san shi. Amma wani yaro ya ce sauro ke kawo ta. Wani ya ce mai ƙiba ba ya da ita. Duk ba haka ba ne. Ana ɗaukarta ta jima'i, da ta jini, kamar reza ko allurar da wani ya yi aiki da ita. Uwa ma tana iya sa wa jariri. Mutum na iya zama da ƙwayar shekaru, yana noma garau. Awo kaɗai ke nunawa, kuma akwai maganin da ke danne ta.

Ƴan matan ajin, da ake aurarwa da wuri, ba su ce uffan ba. Da aka tashi, ɗaya ta raɗa mini: rediyon gidansu kullum yana fada, wurin maza.